Kafin Ki Ba Da Tsohuwar Wayarki

Yelwa, Yauri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗiyata. Ina gaishe ki da gajiyar hanya, da fatan mota ta sauke ku lafiya, ramuka ba su wargaza miki kaya ba. Allah ya sa kin shiga garin da ƙafar dama, ya haɗa ki da abokan zama nagari, ya tsare ki daga abin da ya fi ƙarfinki, ya buɗe miki kai a karatun jinyar da kika je yi. Amin.

Da gangan na naɗe takardar nan a jikin cajarki. Da a cikin littattafai na sa ta, sai ta yi wata ba ki gan ta ba. Da a kwalin kifi ne, ƙawayenki na ɗaki za su riga ki karantawa. Amma caja kam, na san kafin ki shimfiɗa sallaya za ki neme ta, kuma ina so ki karanta maganata kafin ki shiga kasuwa.

Za ki ga babu suna a kai. Ke 'yar fari ce, kin san yadda muke. Tun ranar da aka raɗa miki suna ban taɓa kiransa da bakina ba, sai dai in ce "ke", ko in ce wa ƙannenki su kira mini yayarsu. Zaunar da ke a yi miki doguwar magana aikin kakarki ne, ita kuma Allah ya karɓi abarsa. Sai na ga alƙalami ba shi da kunya, na ce bari in aike shi. Karatun manya da na yi matan unguwa suna yi mini dariya, yau ga ranarsa ta zo.

Maganar waya ce. Ranar da kike haɗa kaya na ji ki kina gaya wa ƙawarki cewa da kin isa Birnin Kebbi za ki je wurin 'yan waya, ki ba da tsohuwar taki, ki ɗora abin da Kawunki Garba ya ba ki na sallama, ki karɓo sabuwa mai ido uku a bayanta. Na yi kamar hankalina yana kan banda, ina ta juya kifin da bai kai juyi ba, amma kunnena yana wurinku. Washegari na yafa mayafi na tafi rumfar Lawwali mai gyaran waya, don ni abin da ban gane ba ba ya barina in zauna lafiya.

Na tambaye shi amfanin ido uku a bayan waya, tunda mutum ma biyu Allah ya ba shi kuma sun ishe shi. Ya yi dariya ya ce, "Inna, guda na ɗaukar abin da ke nesa, guda na kusa, gudan kuma in mutane sun yi yawa shi kwashe su dut." Na ce to ya ɗauki kwandon tarwaɗata da kowane idon mu gani. Ya ɗauka. Na duba da kyau, tarwaɗa ce dai, ba ta ƙara ƙiba ba. Sai dai gaskiya ɗaya, a na kusan har gashin bakinta ya fito ɗaya-ɗaya, na daɗe ina kallo. Shekara da shekaru ina feɗe kifin nan, ban taɓa lura da cewa akwai 'yan ɗigo-ɗigo a gefen kansa ba. Don haka ba zan ce miki sabuwar waya aikin banza ba ce, akwai abin mamaki a cikinta.

Na ci gaba da yi masa tambayoyi har ya ajiye aikin hannunsa. Me ya sa waya ke nauyi idan ta tsufa, alhali ba ta cin abinci? Ya ce manhajojin cikinta ne ke ƙara girma kullum, ita kuwa ƙwaƙwalwarta tana nan yadda aka yi ta. Me ya sa batir ke raguwa? Ya ce yana gajiya ne, kuma sau da yawa shi kaɗai za a canza waya ta dawo hayyacinta. Na ce ashe ke nan wasu suna sayen sabuwar waya ne a kan ciwon batir kawai. Ya waiwaya hagu da dama ya ce kada in faɗa da ƙarfi, maƙwabtansa masu sayar da sababbi suna ji.

Yanzu bari in gaya miki inda ni na yi tuntuɓe da waya, don kada ki taka wurin.

Lokacin da waya ta fara shigowa bakin ruwa, kina goye a bayana, ni ce kan gaba wajen zaginta. Na ce abin 'yan gayu ne, mai banda ina ruwanta da shi. Hajiya Balki, wadda murhunta ke kusa da nawa, ta saya. Ina nan ina yi mata ba'a, sai na lura kullum ita ke fara isa inda jiragen masunta za su tsaya. Tun suna tsakiyar ruwa sun kira ta sun gaya mata abin da suka kamo, sun gama ciniki. Ni kuwa in na zo sai in tarar da ragowa, 'yan ƙananan kifaye, karfasa da warangi. Damina guda cur na yi ina wannan taurin kan, ina cewa sa'a ce kawai take yi. Babanki ne ya gaji ya sayo mini 'yar ƙarama mai maɓallai da tocila, ya ajiye a kan tabarma. Ita ta dawo mini da kasuwata.

Abin da na koya a nan shi ne, sabon abu ba ya zama banza don kawai ban saba da shi ba. Idan kin je makaranta kin ga malamai suna turo littattafai ta waya, taki kuma ta kasa buɗe su, ko ta cika har ba ta karɓar komai, to wannan dalili ne na gaske. Kada ki zauna a baya don tausayin kuɗi ko don tsoron abin da zan ce. Karatu kika je yi, duk abin da karatun ke bukata kayan aiki ne.

Tuntuɓe na biyu ya fi zafi, kuma shi ma Hajiya Balki ce sila, ko da yake ba laifinta ba ne. Ta zo wani suna da faffaɗar waya ta shafawa, mata suka yanyame ta, kowa na son a ɗauke ta hoto. Na dawo gida abin yana cina. Ba wani aikin da 'yar ƙaramata ta kasa yi mini, idona ne kawai ya gani ya so. Na matsa wa kaina na sayo irinta. Lawwali ya saita mini ita yadda sai na ɗora ɗan yatsa take buɗewa, ya ce ko ɓarawo ya sace ta ba abin da zai iya yi da ita. Ya sa wasu lambobi kuma ya ce in riƙe, ni kuwa tun kafin in kai gida sun fice mini daga kai. Na ce yatsana ai yana tare da ni kullum, me zan yi da lamba?

Abin da ni da shi duka ba mu yi tunani ba shi ne irin hannun da nake da shi. Ke kin san hannuna. Ɓamɓaroki da ƙaya da gishiri da hayaƙi sun cinye zanen yatsun, kuma daga safe zuwa yamma a jiƙe yake da yauƙin kifi. A rumfar Lawwali na je da hannu wankakke, har da mai na shafa, wayar ta gane ni. A gaban murhu kuwa sai ta riƙa yi mini kallon baƙuwa. In na dangwala ta yi ɗan kuka ta ƙi, in goge a zani in sake, ta ƙi. Babanki ya riƙa tsokanata wai na sayo 'yar aikin da ba ta san uwar ɗakinta ba.

Muna nan a haka har wata la'asar da damina. Kina makaranta ba ki dawo ba. Babanki ya kai fasinja cin kasuwa ta wajen Ngaski, a hanyar dawowa injin jirginsa ya mutu a bayan tsibirai, ga hadari ya haɗo daga gabas. Ina tsakiyar feɗe giwan ruwa wayar ta yi ƙara, na ga hotonsa ya fito. Na ja koren nan da yatsa, ya ƙi tafiya. Na sake ja, jini da yauƙi suka shafe gilashin, har kiran ya katse. Ya sake kira, haka. Na ce to bari ni in kira shi, ta ce sai na buɗe ta, yatsa ya ƙi, lamba ban sani ba. Babanki kuwa ba mai kira sau biyu a jere ba ne in ba da dalili ba. Na bar kifi a buɗe, kaji suna ta cin rabonsu, na ruga bakin ruwa ba takalmi. Iska ta taso, ruwan ya yi baƙi, ina riƙe da waya mai tsada a hannu wadda ba ta iya gaya mini ko mijina yana raye. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Allah ya kiyaye. Da ya ga ban ɗauka ba, ya kira wani abokin aikinsa, ya je ya jawo su da igiya. Ya iso jiƙe sharkaf yana dariya, ya ce dama so yake in tura a kai masa ɗauki, amma ya ga alama 'yar aikin tawa ta hana shi ganina.

To ke ma ki dubi hannunki kafin ki dubi waya. Aikin da kika je koya, na ga masu yinsa a asibiti lokacin jinyar Babanki. Hannunsu kullum ko a cikin safar roba, ko yanzu aka wanke shi. Idan mai sayarwa ya miƙo miki, kada ki gwada ta da busasshen hannu a inuwar shago kawai. Ki jiƙa yatsa ki gani, ki fita da ita rana ki ga ko rubutun yana fitowa. Ki tambayi kwana nawa batirinta ke yi, don wuta ba ta da alƙawari. Mu da aka tashi garin kakanninmu don a tare ruwan da ke ba da wutar, har yau wurin mai caji muke kai namu. Ki tambaya kuma in gilashinta ya fashe ko ana samun irinsa a kusa. Lambar buɗewa kuwa ki zaɓa da kanki, ki haddace ta yadda kika haddace Fatiha. Sannan ki tambayi zuciyarki tsakani da Allah: wayarki ce ta gaza, ko kuwa kin ga ta wata ce a wurin suna? A makaranta za ki haɗu da Hajiya Balki iri-iri.

Na uku shi ne wanda har yau ban daina nadamarsa ba. Haushin ranar hadarin nan bai sake ni ba. Ranar kasuwa ta zagayo, na kai wa Lawwali wayar na ce ya ba ni mai maɓallai irin ta da, ya riƙe wannan. Ya tambaye ni ko akwai abin da zan cire a ciki. Cikin fushi na ce babu komai a cikinta sai baƙin ciki. Na manta cewa da ita kika ɗauki Innata, kakarki, ranar da ta zo daga Shanga tana zaune a gindin mangwaro tana tsince shinkafa, tana yi miki faɗa ki bar haska ta. Tsohuwar ba ta yarda da hoto ba, wannan kaɗai ne aka taɓa samu. Ba a rufa wata biyu ba ta rasu. Bayan addu'ar bakwai na koma rumfar da gudu. Lawwali ya ce ai tun a makon ya wanke ta tas, ya sayar wa wani baƙo. Na ce wanke ta da me? Ya ce ba da ruwa ba, dannawa ake yi komai ya goge. Na tambaye shi inda abin da aka goge yake tafiya. Ya ce shi ma bai sani ba.

Har yanzu ina wannan tambayar. Fuskar Inna kuwa tana dusashe mini a hankali, wani lokaci sai na dubi Kawunki Garba kafin in tuna yadda hancinta yake. Da gaggawa na sayi wayar nan, da gaggawa na rabu da ita, duka biyun kuma na yi asara. Waya in ta daɗe a hannun mutum tana tara abubuwan da mai saye ba ya biyan kuɗinsu, shi gilashi da batir yake dubawa.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, duk na baya share fage ne.

Tunda na koma mai maɓallai, saƙon murya ba ya shigo mini. Babanki kuwa ya riga ya saba da shi, don yana tuƙi ba ya iya tsayawa rubutu. Sai ya koma turo wa wayarki, wannan dai da ya sayo miki ta hannu da kika gama sakandare. In ya tashi daga wancan ƙetaren ya turo, in ya ga hadari ya turo, in ya samo kifi mai kyau ya turo a gaya mini in hura wuta. Ke ce kike kawo mini ita gaban murhu ki danna in ji. Tasa wayar kin san inda take, ta zame daga aljihunsa ta bi sauran 'yan uwanta ƙasan tafki tun kafin ya kwanta ciwo. Ke nan duk duniya babu inda muryar Babanki ta rage sai a cikin wayar da kike shirin ba wa 'yan kasuwa.

Tun bayan da na fita takaba, kin lura kullum da safe ina aron wayarki. Yau in ce tocilar tawa ta mutu, gobe in ce zan duba lokaci, jibi in ce zan yi lissafi. Ke kuma ki miƙo ba tambaya, ki ɗauki bokiti ki tafi rijiya, ki daɗe fiye da yadda ɗiban ruwa ke bukata. Tocilata lafiyarta ƙalau, ɗiyata. Shiga ɗaki nake yi in saurare shi. Na koyi hanyar da kaina ta kallon yatsanki: koren akwatin nan, sannan hotonsa da hular sanyi, sannan in ja sama har in iso wanda nake so. Kuma na lura kin cire makullin wayar gaba ɗaya, kin bar hotonsa a sama inda ba sai na nema ba. Ban tambaye ki dalili ba, ke ma ba ki faɗa ba.

Akwai guda ɗaya da na fi komawa kansa. Ana jin ƙarar inji da ruwa yana dukan jirgi, sai ya ce:

"'Yar Baba, ki ce ma Innakki ta bar tsayuwa bakin ruwa, sabro na cin ta. Na san ba kihi taz zo saye ba. Ga ni nan tahe."

Tun daga ranar hadarin nan, in la'asar ta yi bai dawo ba, sai in ɗauki kwando in tafi bakin ruwa wai zan duba ko akwai sauran kifi. Na ɗauka ba wanda ya gane. Ashe yana hango ni tun daga nesa, bai taɓa faɗa mini a fuska ba, sai ta wayarki. Ina kewar mutumin nan ƙwarai. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ba na jin zan iya faɗa da baki ko yanzu.

Ranar da na je wurin Lawwali, bayan duk tambayoyin ido uku da batir, sai da na bari mutane suka ragu sannan na yi masa ta gaskiyar. Na ce murya tana iya ƙaura daga waya zuwa waya? Ya ce tana iyawa, amma sai an yi da hankali, don da yawa suna canza waya su tarar tsofaffin saƙonni ba su biyo su ba, wanda ya turo kuma in ba ya nan ba mai sake turowa. Ya ce a fara kwashe su a zuba a katin memori, a saurara a tabbatar suna magana, kafin a taɓa komai. Ya ce wasu ma a sama suke ajiye nasu. Na ɗaga kai na dubi saman, ban ga wurin ajiya ba, na ce a bar ni da katin da zan iya ƙullewa a bakin zani.

To ga roƙona. In kin auna kin ga karatunki yana bukatar sabuwa, ki saya, da yardata. In abin da Kawunki ya ba ki bai kai mai ido uku ba, ki sayi mai ido ɗaya, marasa lafiyar da za ki duba ba za su ƙirga ba. In kuma batir ne kawai ciwon, ki canza shi ki riƙe kuɗinki. Wannan duk shawararki ce, kin fi ni sanin kan abin. Amma tsohuwar kada ki ba da ita musaya, kome za su rage miki. Ki sa a kwashe muryoyin a gabanki, kina tsaye, kada ki bar ta ta kwana a shago. Ki zuba su a sabuwar taki, don ke ma ubanki ne, akwai ranar da za ki so jinsa. Ki bar su kuma a cikin tsohuwar yadda zan same su, ki nuna wa mai gyaran irin hannuna da baki, ya sa su inda dannawa ɗaya ta isa. Sannan ki naɗe ta a leda ki ba direban da ke kai mini kifi garinku ranar kasuwa, ya san gida.

Na san za ki ce lasifikarta ta fashe, tana sa murya rawa. Ki bar ta haka, kada a gyara. Kunnena ya saba, kuma dama muryarsa takan yi 'yar rawar nan in ya sha iskar ruwa.

Yau da safe bayan motarku ta tashi na shiga ɗaki kamar kullum, sai da na zauna a bakin gado na tuna babu abin da zan ara. Wannan layin tun jiya na rubuta shi, kafin ku tashi, don na san haka za ta faru, kuma na san ba zan samu damar rubuta shi ba in kin tafi da takardar. Ki ɗauka an yi.

In wayar ta iso zan sa layina a ciki, in sa a koya mini karɓar saƙo, wannan karon da haƙuri. Ki riƙa turo mini taki muryar, ko da cewa za ki yi kin tashi lafiya, ko abincin makaranta ba daɗi. Ba sai na amsa da dogon zance ba, kin san ni. Amma zan saurara, in gama in koma kan nasa.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci kafin ki shiga aji, ki raba kifin nan da abokan ɗakinki. Ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kai ki ya dawo da ke lafiya, ya jiƙan Babanki da kakarki, ya sa mu ga ranar da za ki sa fararen kaya. Amin.

Ranar kasuwa zan je tasha da kwando. In direba ya gan ni tsaye, kada ya ce komai, kaya na zo dubawa.

Wassalam.

Ni ce,
Innarki.